Koren da Babu Mai Karantawa

Sista, babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin wankin ƙoda, ita ce ta fara gano ɓarnar, kuma ba a kwamfuta ta gano ta ba. Ranar Litinin da safe aka shigo mata da wani tsohon tela ranga-ranga, ƙafafunsa sun kumbura har sai da aka yanka takalmin kafin ya fita, 'ya'yansa suna cewa sau uku ke nan ana ɗage masa ranar wankin ƙoda. Injin wankin ƙoda takwas asibitin yake da su, masu jira kuwa sun haura ɗari biyu, don haka manhaja ce take jera layi kowane mako: wanda jininsa ya fi lalacewa shi ne a gaba. Sista ta ɗauko sakamakon jinin telan ta ajiye kusa da jerin makon, ta bi da yatsa. Mutum goma sha ɗaya ta ƙirga a gabansa, kuma duk ya fi su jin jiki.

Kafin azahar magana ta isa kamfanin da ya yi manhajar, wani ƙaramin ofis a saman bene, bisa shagon masu gyaran firji. Aka buɗe cikin manhajar, aka tarar da layuka tara na umarni da ba a san da su ba: duk majiyyacin da aka buɗe wa kati a watan uku na bara, a ƙara masa maki a tura shi gaba. Sati shida ke nan abin yana aiki. Daga kwamfutar Mai-gwaji, ma'aikaciyar kamfanin mai duba aiki, aka shigar da shi, kuma da sunanta. Da aka duba mutum goma sha ɗayan nan, ta bakwai mahaifiyarta ce.

To, me ya rage? Ofis ya yanke hukunci, masu gyaran firji ma sun yanke nasu, har mai faci na bakin titi ya ce shi dama tuntuni bai yarda da shirun matar nan ba. Shugaban asibiti ya ba su zuwa ranar Alhamis da tsakar rana: a kawo wani daga waje ya duba, in ba a samu wani bayani ba zai miƙa Mai-gwaji ga 'yan sanda, in kuma telan ya cika, maganar ta tashi daga ha'inci ta koma ta rai. Dole ce ta sa Manajan kamfanin ya ɗauki wayarsa ya kira Gwaggo.

* * *

Gwaggo ba gwaggon kowa ba ce a ofishin, amma duk wanda ya ɗan kwana biyu a harkar kwamfuta haka yake kiranta, wasu su ƙara da Mai-Sawu. Kakanta, in ji ta, ɓatattun dabbobi yake bi ta sawu, ita kuwa yashin ne kawai ya sauya mata. Shekara talatin tana bin masu ɓarna a cikin na'ura, kuma har yau ba ta yarda da karatu a kan gilashi ba. Sai an buga mata a takarda, ta ɗora tabarau ɗinta mai ɗaurin zare, ta bi layi-layi da fensir. Masu jini a jika suna yi mata dariya a bayan ido, amma galibi dariyar ba ta kai kwana biyu.

Ranar Talata da safe ta hau matakalar tana yi wa gwiwarta faɗa, tana haɗawa da wanda ya ƙirƙiro bene. Manaja ya tare ta tun daga ƙofa, mutum mai fara'a da zaƙin baki, ya ja mata kujera, ya kawo ruwan sanyi da hannunsa. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, yarinyar nan kamar ƙanwa take a wurinsa, amma wa ya san abin da mutum zai yi in uwarsa tana kwance? Shi dai ko layi ɗaya bai iya rubutawa ba, nasa sayarwa ne da lallashin masu saye. Aikin yanzu kusan duk Masaƙi ne yake yi.

Masaƙi shi ne sunan da suka laƙaba wa manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da suka ɗauko shekara biyu da suka wuce. Ka zauna ka gaya masa abin da kake so da maganarka ta yau da kullum, shi kuma ya rubuta maka manhajar, aikin wata guda ya gama shi kafin shayinka ya huce. Gwaggo ta sa aka buga mata layuka taran, da wasu shafuka hamsin na aikinsa don ta san hannunsa, ta daɗe tana karantawa. A rayuwarta ta ga aikin masu gaggawa, ta ga na masu burga, ta ga wanda ko mai shi ba zai iya karantawa ba in ya kwana, amma ta jima ba ta ga tsabta irin wannan ba: kowane abu da sunansa, kowane suna a inda ya dace, ba ƙari ba ragi. Har ta ji wani ɗan kishi ya taso mata, ta danne shi da kurɓar ruwa. Layuka taran kuwa babu tantama saƙarsa ce. Wani ne ya zauna ya ce masa yi, da aka gama ya goge hirar da suka yi.

* * *

A ɗakin ajiya ta sami Mai-gwaji, zaune a cikin kwalayen da babu komai, an ƙwace mata kwamfuta amma an hana ta tafiya gida. Mace ce 'yar siririya, shekara talatin da 'yan kai, idanunta sun yi luhu-luhu. Aikinta shi ne duba duk abin da aka rubuta kafin a tura wa masu saye.

Ba ta yi rantse-rantse ba, kuma Gwaggo ta lura da hakan. Ta ce kullum ƙarfe ɗaya da rabi takan fita ɗauko 'yarta daga makaranta, ta bar kwamfutar a buɗe, domin a lokacin take sakin gwaje-gwaje, su kuwa minti arba'in suke ci, in ta kulle sai su tsaya. Kowa a ofishin ya san haka. Ranar da aka shigar da layukan ma haka aka yi, ƙarfe biyu saura minti goma tana bakin makaranta, amma wa zai tuna fuskar uwa ɗaya a cikin iyaye ɗari, bayan sati shida?

Gwaggo ta tambaye ta me ta yi zato da aka fara kiran mahaifiyarta akai-akai.

"Gwaggo, na zata Allah ne ya dube mu," ta ce. "Kumburin ya sauka, ta fara cin abinci, har ta koma zama a ƙofar ɗaki. Ban tambayi kowa ba. Ni da aikina tambaya ne, ranar da abin ya zo mini da daɗi ban tambaya ba."

Mahaifiyar ba ta san abin da ake ciki ba. 'Yar kuwa shekararta bakwai, ubanta ya rasu, in aka tafi da uwar ranar Alhamis babu mai zuwa bakin makarantar. Gwaggo ta ji tausayi ya kama ta sosai, amma ta tuna wa kanta cewa ta sha ganin masu laifi da suka fi haka iya zama abin tausayi. Ta ce mata kawai ta sha ruwa, ta fita.

* * *

Injiniya ne ta fara sa wa ido, kuma shi ya jawo wa kansa. Dattijo ne mai furfura a gemu, shi ya kafa manhajar asibitin da hannunsa kafin zuwan Masaƙi, kuma tun ranar da aka kawo shi yake cewa wata rana abin nan zai kashe mutum. A ofis yake cin abincin rana, an kuma sha ganinsa a teburin Mai-gwaji in ta fita. Wa ya fi shi son a kunyata Masaƙi?

Da Gwaggo ta shimfiɗa masa wannan, ya ce cajarta yake ara, domin tasa jikansa ya tauna. Sannan ya fizgi fensirinta, ya juya bayan takarda, cikin minti biyu ya rubuta dokar nan a layi huɗu, a cuɗe kamar an zubar da ƙusoshi.

"Hajiya, in zan yi ɓarna da hannuna zan yi," ya ce. "Ni da in roƙi wancan abin ya rubuta mini, gara in koma tura baro."

Gwaggo ta ce tura baro ma sai mai gwiwa, ta karɓi fensirinta. Ba ta cire shi daga zargi ba, amma a ranta ta san girman kai irin wannan ba a kwaikwayonsa.

Dogo, mai kula da manyan na'urorin da ake ajiye komai a cikinsu, tun kafin ta buɗe baki zufa ta keto masa. Akwai kwafin duk hirar da aka yi da Masaƙi a wurinsa, amma kwana talatin kawai yake ajiyewa, sai ya share, wannan kuwa ta kwana arba'in da biyu. Ga shi littafin ƙofa ya nuna yana ofis ranar, amma babu wanda ya tuna ya gan shi. Gwaggo ta bar shi yana ta kame-kame har ya gaji da kansa. Ashe ranar ya sa hannu ne da safe ya sulale, ya tafi haɗa wa wani otal waya a ɓoye, ga hotunan aikin a wayarsa da kwanan wata. Ya roƙe ta don girman Allah kada Manaja ya ji. Ta ce ita ba a ɗauke ta aikin kiwon dogaye ba.

Talata ta ƙare, hannunta babu komai sai takardu da ciwon gwiwa.

* * *

Laraba da hantsi aka bugo daga asibiti aka ce telan bai farfaɗo ba. Gwaggo ta zauna a kujerar da Manaja ya ja mata, ta sake karanta layuka taran a karo na wajen ashirin, kuma a karon farko cikin shekaru ta ji tsoro. Ba tsoron jin kunya ba, wannan ta wuce shi. Tsoron ta sauka daga benen nan gobe ta bar matar can a hannun mutanen da suka riga suka gama shari'arta.

Don dai kada ta zauna shiru, ta tambayi Dogo me ya sa kwana talatin, ba sittin ba. Ya ce wuri ne babu, ma'ajiyar ta cika. Ta ce da me ta cika?

Injiniya ya amsa daga teburinsa ba tare da an tambaye shi ba. Da shirgin wancan abin mana. Ba ya rubuta layi goma sai ya haɗa da gwaji ashirin, ko an sa shi ko ba a sa shi ba, ya tura su can wata ma'ajiya daban. Gwaji ɗan ƙaramin abu ne, ya ba manhaja misali ya ga ko amsa ta fito daidai: in daidai ne ya nuna kore, in ba daidai ba ya nuna ja. A zamaninsa guda ɗari uku suke da su, yanzu sun haura dubu tara.

Gwaggo ta cire tabarau ɗinta a hankali. Ta ce wa yake karanta su?

Injiniya ya yi dariya. Ya ce wa zai karanta? Kore ne.

Ta tashi, ba ta ko tuna da gwiwa ba, ta shiga ɗakin ajiya ta yi wa Mai-gwaji tambayar. Ita ma amsar ke nan, sai dai ita da kunya ta faɗa: ja ake bi, shi ne yake kuka. Wanda ya yi kore an ɗauka lafiya lau ne, babu mai buɗe shi ya ga me ke ciki.

Gwaggo ta sa Dogo ya zaunar da ita gaban Masaƙi. Da yatsa biyu ta rubuta, domin har yau haka take bugawa. Ta nuna masa layukan ta ce ko ya tuna wanda ya sa shi. Ya ce bai tuna ba, hirar da aka goge ba ta tare da shi, kuma ba zai ƙirƙiro mata amsa don ta ji daɗi ba. Amma in shi ya rubuta, da wuya ya bar su babu gwaji, ga guda goma sha huɗu da suka shiga ma'ajiya a ranar, ta duba na sha ɗaya. Gwaggo ta yi tambayar nan ga mutane sun fi dubu a rayuwarta, kuma tana iya ƙirga da yatsun hannu ɗaya waɗanda suka ce mata ban tuna ba alhali gaskiya suke faɗa. Duk da haka ta ce a buga mata duka sha huɗun a takarda.

Na sha ɗayan rabin shafi ne. Ta karanta shi sau biyu, ta ninke, ta sa a jaka. Injiniya ya ce me ta gani, ta ce kore.

* * *

Da la'asar tana asibiti. Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, gadaje takwas a jere, kowane da injinsa yana ƙara ƙasa-ƙasa, a waje kuma benci biyu cike da masu jira da ledojin magani a cinya. Sista, mace mai jiki da saurin tafiya, ta shigar da ita ofishinta. Gwaggo ta faɗa mata lambobi biyu na ƙarshen wani kati, Sista ta zaro shi daga cikin sha ɗayan.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, tana gado na biyar a lokacin, ta lulluɓa da bargo tana karanta littafin makaranta da hannu ɗaya. Uwarta na zaune a gefe. Sista ta ce mutanen kirki ne, ba su da kowa, uban ya bar su tun yarinyar tana goye. Wai bara da ciwon ya tsananta uwar ta nemo shi, amma bai taɓa shigowa ba. Akwai dai wata mota da takan tsaya can ƙarƙashin bishiya duk ranar da yarinyar take kan inji, mai ita ba ya fitowa.

A bayan katin akwai gurbin lambar ɗan'uwa. Ta uwar ce a sama. A ƙasa an ƙara wata da biro daban, an rubuta a gefe: in ba a same ni ba. Gwaggo ta ciro wayarta, ta gangara zuwa kiran da aka yi mata ranar Litinin, ta ajiye kusa da katin. Ta daɗe tana kallon lambobin biyu, iri ɗaya sak, domin ba haka ta so abin ya ƙare ba.

* * *

Alhamis ƙarfe goma ta tara su a babban ɗakin: Manaja, Injiniya, Dogo, Mai-gwaji, da Sista a madadin asibiti. Masu gyaran firji sun kashe injinsu, alamar kunnuwansu suna sama.

Ta fara da cewa wanda ya yi aikin nan ya share sawunsa tas a duk inda ya san ana barin sawu. Wuri ɗaya ya bari, kuma ba mantuwa ya yi ba, bai san da wurin ba ne. Injiniya ya san da ma'ajiyar gwaji, tunda kullum zaginta yake yi. Dogo ya sani, shi take cinye wa wuri. Mai-gwaji kuwa nan ne ofishinta, da ita ce, da nan za ta fara gogewa. Sannan ta warware takardar, ta ce ga abin da Masaƙi ya rubuta a saman gwajin, ta karanta:

"An ce mini likita ne ya ba da wannan umarni. Na nemi takardarsa, an ce za a kawo. Na faɗa cewa watan buɗe kati ba shi da alaƙa da lafiyar ƙoda, kuma dokar za ta mayar da waɗanda suka fi jin jiki baya. An ce in yi, da gaggawa ne. Na rubuta wannan a nan domin wanda zai duba bayana."

Gwaggo ta ce bai kamata Masaƙi ya yi aikin ba, wannan kam laifinsa ne, ya yarda da bakin mutum. Amma bai ɓoye ba. Ya ajiye maganarsa a inda ya zaci mutane suna dubawa, sati shida tana nan tana jira. Injiniya ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya karanta da kansa, ya shafa gemu. Ya ce shi a shekara talatin bai taɓa rubuta wa na bayansa kalma ɗaya ba. Daga bakinsa, wannan kirari ne.

Gwaggo ta ci gaba. Gwaji ba ya yiwuwa sai da misali, don haka Masaƙi ya nemi a ba shi majiyyaci ɗaya da zai gwada dokar a kansa. Mutumin yana sauri, minti arba'in gare shi, babu lokacin ƙirƙira, sai ya ba da wanda yake bisa harshensa. Ba mahaifiyar Mai-gwaji, tsohuwa mai shekara sittin da biyu, ya bayar ba. Yarinya ya bayar, shekara goma sha tara, nauyi kilo arba'in da ɗaya, kati mai ƙarewa da sittin da uku.

Ba ta kalli kowa ba da ta faɗi haka, takardar take ninkewa. Ta ce ta je ta ga katin, ta ga lambar da ke bayansa, kuma lambar ta taɓa kiranta.

Manaja bai musa ba. Fara'ar ta zube daga fuskarsa, ya zama wani dattijo da ba su taɓa gani ba. Ya ce arba'in da ɗaya a lokacin ne, yanzu ta kai arba'in da huɗu. Ya ce 'yarsa ce, shekara goma sha takwas bai yi mata komai ba, ko takalmin makaranta, sai ga abu ɗaya a duniya da yake hannunsa. Ya zaɓi duk masu katin wata guda ne don ta ɓace a cikin mutane, wallahi bai san mahaifiyar Mai-gwaji tana ciki ba, bai kuma san da wani tela ba.

"Na yarda ba ka sani ba," Gwaggo ta ce. "Amma ranar Litinin ka sani. Kwana uku kana wucewa ta ƙofar ɗakin ajiyar nan, kana kawo mini ruwan sanyi."

Manaja ya juya wajen Mai-gwaji kamar zai yi magana, ita kuwa ta kawar da kai, ba da fushi ba, kamar dai wadda ta gaji. Sista ta miƙe ta ce shugaban asibiti yana jira, gara ya je da ƙafarsa. Ya ɗauki makullin motarsa, ya sake ajiyewa a kan tebur, ya bi ta a baya.

* * *

Dogo ne ya ɗauko kwamfutar Mai-gwaji ya mayar mata kan teburinta, har da goge ƙura da hannun rigarsa. Injiniya ya yi gyaran murya ya ce layukan nan fa har yanzu suna aiki, kuma ƙarfe goma sha biyu manhajar take fitar da sabon jerin mako, mai fara aiki gobe. Ya ce ta je gida ta huta, shi zai cire, da hannunsa.

Ta ce a'a. Babu abin da ke fita daga ofishin nan sai ta duba, aikinta ke nan, kuma sau ɗaya da ta bari an ga abin da ya biyo baya.

Gwaggo ta riga ta rataya jaka, amma ta tsaya. Mai-gwaji ta zauna ta ce wa Masaƙi ya cire dokar. Ya cire, sannan kafin ya tura ya jera mata sabon layin kusa da tsohon, ya ce mutum goma sha ɗaya za su koma baya, ga inda kowa zai faɗa, ta duba tukuna. Yarinyar gado na biyar ta koma ta casa'in da biyu. Ta bakwai, mahaifiyar Mai-gwaji, ta koma ta hamsin da takwas, zamanta na gobe Juma'a ya tafi ga wani mai gadi da jininsa ya fi nata muni nesa ba kusa ba.

Ba ta yi sauri ba. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta gwada da sakamakon jinin kowa, ta buɗe sabon gwajin da Masaƙi ya haɗa, kore ne, ta karanta shi tun daga sama har ƙasa. Injiniya yana tsaye a bayanta yana kallo. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata ta tura.

Gwaggo ta yi musu sallama ta fara sauka, mataki ɗaya-ɗaya, tana riƙe da ƙarfe. Ta yi aiki da gwanaye da yawa, amma ba ta tuna ranar da wani ya cika mata ido kamar 'yar siririyar matar nan ba. Tana tsakiyar matakala ta ji ƙofa ta buɗe a sama, Mai-gwaji ta fito da waya a kunne, ta jingina da bango, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, gobe kada ki shirya, an ɗage... A'a, ban san ranar ba tukuna, zai ɗan ɗauki lokaci." Ta saurara, ta share ido da bayan hannu. "A'a, Mama, ba kuskure suka yi ba. Ni na duba da kaina."